Daga Nima zuwa Tsibiran Ada

Nima da Mamobi unguwanni ne na Zango a birnin Akra, babban birnin ƙasar Gana. Hausawa suna da yawa a cikinsu. Gidaje sun matse juna, lunguna ƙanana ne, filin wasa kuma ya yi kaɗan. Amma teku ba ta da nisa. Idan Salla ta zo, ko an ba da hutun makaranta, yara da iyayensu sukan shiga motar haya da ake kira torotoro, su tafi bakin tekun Labadi. Sukan riƙe guzurin wake da shinkafa. Mutanen Gana suna kiran wannan abinci waakye, sunan kuwa daga Hausa aka samo shi.

Yaran Maradi da Damagaram sun san gulbi da tafki. Teku daban take. Ba a hango ƙarshenta, ruwanta kuma gishiri ne, ba ya shayuwa. Wadda ke gaban Akra ita ce Tekun Atalantika. Sau biyu a kowace rana takan cika ta hau kan rairayi, sannan ta janye. Masuntan Akra ba sa fita kamun kifi ranar Talata, domin a al'adarsu ranar hutun teku ce.

Wanda yake son ganin tsibiri sai ya ƙara gaba. Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina. A Turai, ƙasar Girka ta yi suna da tsibirai. Akwai fiye da 200 da mutane ke zaune a kansu, baƙi kuma sukan bi su ɗaya bayan ɗaya a jirgin ruwa. A Gana ma ana irin wannan yawo, a garin Ada Foah, wajen kilomita 100 gabas da Akra.

A nan ne Kogin Bolta yake shiga teku. Kogin ya taso tun daga Burkina Faso. Da ya kusa teku sai ya faɗaɗa, gudunsa ya ragu, ya ajiye yashi da laka da ya ɗauko. Yau da gobe, yashin ya taru ya zama tsibirai. Daga cikinsu akwai Aflive da Azizakpe da Pediatorkope. Mai kwalekwale yakan ɗauki baƙi daga wannan tsibiri zuwa wancan. Babu titin mota, itatuwan kwakwa ne suke ba da inuwa. Mutanen wurin suna kamun kifi da ƙaguwa, suna nitso su kwaso ƙumba daga ƙasan kogi, mata kuma suna saƙa tabarma. Wasu yara da kwalekwale suke zuwa makaranta, kamar yadda yaron Nima yake zuwa da ƙafa.

A bakin kogin akwai wani siririn tudun yashi. Wanda ya tsaya a kansa zai ga abin mamaki. A hannu ɗaya ga kogi kwance shiru, a ɗaya hannun ga teku tana ruri. A wasu watanni kunkurun teku yakan fito da dare ya haƙa rami a yashin ya saka ƙwai. Doka ta hana kama shi ko kwashe ƙwansa.

Ruwa ba abokin wasa ba ne. A gaɓar Gana, igiyar ruwa idan ta bugi rairayi takan koma da ƙarfi ta wata 'yar hanya, ta ja duk abin da ta samu zuwa cikin teku. Ko gwanin iyo ba ya iya ja da ita. Wanda ta ɗauka kada ya nufo tudu kai tsaye, zai gaji. Sai ya yi iyo ta gefe har ya fita daga hanyarta, yana ɗaga hannu yana kiran taimako. Shi ya sa ba a barin yaro ya shiga teku shi kaɗai, ba a kuma shiga kwalekwale sai da rigar da ke hana nitsewa.

Su ma mazauna Ada suna fama da tekun. A shekarar 1965 aka gama gina madatsar ruwa ta Akosombo a kan Bolta domin samar da wutar lantarki. Tun daga nan yashi mai yawa yake tsayawa a bayan madatsar, ba ya isowa gaɓa. Teku tana kwashe wanda ke nan, sabo kuma ba ya zuwa yadda ya kamata. Ta ci gidaje da gonakin kwakwa, har gwamnati ta sa aka jera manyan duwatsu don tare ta.

Akwai kuma ɓarnar da take fitowa daga cikin gari. Babbar kwata ta ratsa ta Nima, ta zuba a rafin Odaw, shi kuma ya bi ta tafkin Korle ya faɗa teku. Ledar ruwan sha da aka jefa a kwatar Nima da damina, wata rana masunci zai jawo ta a cikin tarunsa, ko yara su taka ta a rairayin da suka je wasa ranar Salla.