Abin Sha'awa da Makomar Ɗalibin Kimiyyar Kwamfuta

Sau da yawa ɗalibin kimiyyar kwamfuta yakan kai ajin ƙarshe bai san inda zai dosa ba, ko tsara manhaja, ko tsaron bayanai, ko koyarwa. Zullumin nan ya daɗa ƙaruwa tun 2022, lokacin da ChatGPT ta fito tana rubuta manhaja cikin ɗan lokaci.

To, amma amsar takan ɓuya cikin abin da ɗalibi ke yi don nishaɗi bayan lacca. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya fara rubuta Linux don sha'awa kurum, daga baya kuwa a kansa aka gina Android. Saboda haka ɗalibi ya lura da aikin da ke hana shi barci ba malami ya sa shi ba, domin a nan sana'arsa take.