Atamfa, Shadda da Leshi: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Shiga Kwari

Da zarar azumi ya raba tsakiya, Kantin Kwari da ke Kano sai mai haƙuri. 'Yan dako na kutsawa da diloli a ka suna "hanya, hanya", masu Adaidaita Sahu sun cushe bakin titi, kowane shago an jera masa turame tun daga ƙasa har rufi. Wata dattijuwa ta tsaya a ƙofar shago, yaron shagon ya zaro turmi ya warware mata a kan hannunsa.

"Hajiya, sabon yayi ne, jiya aka sauke. Holan ce."

"Holan ɗin gaske, ko ta bakinka?"

"Haba Hajiya, taɓa ki ji."

Ta taɓa. Ta juya bayan zanen, ta murza kusurwarsa da yatsu biyu, ta bi gefensa da ido tana karanta rubutun da ke jiki, sannan ta miƙa masa abinsa ba ta ce uffan ba. Yaron ya yi dariya ya ce, "Bari in ɗauko miki wadda kike nufi."

Abin da ta yi cikin rabin minti ba sihiri ba ne, kowa zai iya koya. Sayen zane na cikin abubuwan da ke faranta ran mutane, ko na Sallah ne, ko na anko, ko na cika akwatin lefe, ko kuwa dai mace ta ci adashe ta ce bari ta yi wa kanta. Daɗin yana ƙaruwa idan mai saye ya san abin da ke hannunsa.

Daga ina atamfa ta fito?

Da yawa suna ɗauka atamfa kayan gargajiyarmu ce tun kaka da kakanni. Kayan gargajiyarmu su ne saƙi da tsamiya da barage da gwado, da turkuɗin da ake rinawa da baba. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar tufafin da Kanawa ke saƙawa suna rinawa ana kai su har Tumbuktu da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata tana nan har yau da karofinta.

Atamfa kuwa asalinta tsibirin Java ne a ƙasar Indunusiya. Can ne ake zana yadi da narkakken kakin zuma, a tsoma shi a rini, duk inda kaki ya rufe rini ba ya kamawa. Dabarar ɗaya ce da ta masu ɗaurin rini a Ƙofar Mata, sai dai su zare suke ɗaurawa, mutanen Java kuwa kaki suke shafawa. Turawan Holan da suka mulki Indunusiya suka so su yi irinsa da inji don su sayar wa mutanen can da araha. Cikin masana'antun da suka shiga wannan harka har da wadda aka kafa a garin Helmond a 1846, wadda yau ake kira Vlisco. Sai dai injin yana barin kakin da aka shafa ya tsattsage, rini ya kutsa ta tsagar ya bar siraran jijiyoyi da ɗige-ɗige a jikin yadin. Mutanen Java suka ga aibi ne. Da aka kawo kayan Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a ƙarshen ƙarni na 19, matan Afirka ta Yamma suka ga ado ne. Abin da aka ƙi a can shi ya zama alamar atamfa mai kyau a nan.

Sunayen da ake ji a kasuwa duk daga wannan tarihi suke. Holan ita ce ta Vlisco, sufa kuma samfurinta ne mai laushi da ƙarin launi da kamfanin ya fito da shi a 1973. Ingilish ita ce ABC, wadda aka daɗe ana bugawa kusa da Manchesta kafin a mayar da aikin Akosombo ta ƙasar Ghana. Kodebuwa ta Uniwax ce a Abijan.

Ina ta gida ta shiga?

Mu ma mun buga tamu. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, a 1964 aka kafa UNTL, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, audugar Funtuwa da Gusau tana ciyar da su. Rashin tsayayyar wutar lantarki, da tsadar man injin, da fasa-ƙwaurin yadi mai araha suka taru suka karya su. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007. Yau mafi yawan atamfar da ke Kwari daga China take, irin su Hitarget da ƙannenta, kuma 'yan kasuwarmu ne da kansu ke zuwa can su zaɓi zane a buga musu. Shi ya sa farashin zani ke bin dala. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, duk mai haɗa lefe ya ji a jikinsa.

Kada a ɗauka duk 'yar China banza ce. Akwai mai kyau ƙwarai da za ta yi shekaru ana wankewa, akwai wadda wanki biyu ke kashewa. Ba abin kunya ba ne mutum ya sayi mai araha yana sane. Asarar ita ce a biya kuɗin Holan a tafi gida da kwaikwayonta.

Yadda ake gane abin da ke hannu

Fara da juya zanen. Atamfar da aka yi da kaki tsoma ta ake yi a rini, don haka gabanta da bayanta kusan ɗaya suke, da kyar za a ce ga fuska ga baya. Wadda aka buga wa launi a fuska ɗaya kawai, bayanta fari-fari yake, kamar an wanke shi. Irin wannan ba laifi gare ta ba, amma kuɗinta bai kamata ya kusanci na waccan ba.

Sai murza. Yadi mara kauri akan cika shi da sitaci don ya yi tauri da ƙyalli a shago. Kama kusurwa ɗaya a murza sosai, sannan a ɗaga wa haske. Idan wurin ya yi laƙwas, saƙar ta bayyana sakwa-sakwa har ana hango hannu ta ciki, to taurin na sitaci ne, ranar wankin farko zai bi ruwa. Mai kyau ko an murza ta tana nan da jikinta.

Sai gefe. Manyan kamfanoni suna buga sunansu da lambar zanen a gefen yadin, kuma a Holan ta gaske lambar da ke gefe takan dace da wadda ke kan takardar da aka manna. Masu kwaikwayo sun ƙware a buga takarda, saboda haka takarda kaɗai ba shaida ba ce. A duba ko rubutun gefen ya fita tsaf, ko kuwa haruffan sun cakuɗe, ko an canza harafi ɗaya a sunan don ya yi kama da na asali.

Sai zuba. A jiƙa farin hankici a goga a kan wurin da launi ya fi duhu. Ɗan shuɗi kaɗan ba abin tsoro ba ne ga sabon zani, amma idan hankicin ya rine, wannan za ta ɓata duk abin da aka jiƙa tare da ita.

Akwai kuma batun auduga da roba. Yawancin masu araha yanzu an gauraya su da zaren roba, wasu ma roba ce zalla. A zafin Maris da Afrilu jiki ne zai ba da labari, domin roba ba ta shan gumi. Idan an kai gida ana shakka, a zare zare biyu-uku daga gefe a sa musu ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri, da warin ƙonanniyar leda.

Na ƙarshe shi ne awo. Turmi yadi shida ne, yadi kuma inci 36, wato turmi ya kusa mita biyar da rabi. Akan samu mai araha da ba ta cika ba, sai an je wajen tela a ji ɗankwali bai fita ba. Kuma a roƙi mai shago a fito da zanen bakin ƙofa, don fitilar shago takan sa ruwan toka ya zama shuɗi, jan wuta ya koma ruwan goro.

Shadda da leshi

Adon shadda ba bugawa ake yi ba, saƙa shi ake yi a cikin yadin, shi ya sa furen ke bayyana yana ɓacewa idan an karkata ta ga haske. Wadda ake kira gezna sunan kamfanin Getzner ne da ke garin Bludenz a ƙasar Ostiriya, wanda aka kafa tun 1818. A Nijar da Mali bazan ake ce wa shadda, kuma matan Bamako sun yi suna wajen rina farar shadda su fito da ita da launuka, irin wadda muke kira 'yar Mali. Shadda mai kyau auduga ce mai siririn zare da matsattsiyar saƙa, tana da nauyi a hannu da sanyi a fata, ƙyallinta kuma yana dawowa bayan wanki da bugu. Mai arha ƙyallinta shafe ne a sama, da ta sha ruwa sai ta dushe ta yi gashi. Gwajin murzawa da na ashana duk suna aiki a kanta.

Leshi shi ma daga wancan yanki manyansa suke, garin Lustenau na Ostiriya da St. Gallen na Suwizalan, waɗanda suka daɗe suna yi wa kasuwar Najeriya aiki. Yanzu China da Koriya da Indiya sun cika kasuwa da nasu. A leshi bayan ake dubawa: idan zare ya yi ta reto, aikin gaggawa ne. A taɓa duwatsun da farce a ji ko za su ɓanɓaro. A kuma goga shi a cikin hannu, inda fata ke da laushi, domin leshin da ya yi kaushi a shago zai yi ƙaiƙayi a wurin biki.

Ciniki da sayen waya

Kada a saya a shagon farko. A zaga uku ko huɗu da zane iri ɗaya a rai, farashin gaskiya zai fito da kansa. Wanda ya tare ka a bakin kasuwa ya ce zai kai ka inda ake araha, sau da yawa ɗan kayi-nayi ne, ladansa a cikin kuɗinka yake. Tayi ba faɗa ba ne: ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, ya sallama ko ka yi gaba. Mai sayen lefe ko anko ya nemi farashin sari, tun da turame da yawa zai ɗauka. Idan kuwa aka sallama maka sufa a rabin kuɗin da kowa ke faɗa, tuna cewa araha ba ta ado.

Yanzu rabin kasuwar ta koma waya, mata na zaune a ɗaki suna kallon zannuwa a WhatsApp da Instagram. Hoto ba ya nuna kauri, launi kuma waya na gyara shi. A nemi bidiyon da aka ɗauka a hasken rana, a ga gaba da baya da rubutun gefe, a kuma yi magana tun kafin a tura kuɗi kan ko za a karɓi kaya idan ba su ne aka gani ba.

Bayan an kai gida

Auduga takan ɗan tsuke a wankin farko, don haka wanda ke son ɗinki mai kama jiki ya fara ɗauraye zanen kafin ya kai wa tela. Ɗinkin Sallah kuma tun farkon azumi ake kai shi. Wanda ya kai a goman ƙarshe ya san sauran labarin.

A wanke atamfa da ruwan sanyi da sabulu mara kaifi, ban da bilic, ban da jiƙo na kwana. A juya ta a shanya a inuwa, domin rana ce ke cin launi fiye da ruwa. A goge ta bayan. Shadda mai tsada a bar wa masu wanki da bugu. Wadda za a ajiye a akwati a tabbata ta bushe ƙayau, a sa kafur saboda kyankyaso, a riƙa fito da ita tana shan iska bayan damina, a sauya ninkin don kada layin ya ci.

A gidan masu yin haka ne za ka ga uwa ta buɗe tsohuwar akwati ranar da ake haɗa wa 'yarta kaya, ta ɗaga wani turmi da ƙamshin turaren wuta ya kama, ta ce, "Wannan a lefena ta zo." 'Yar ta karɓa ta juya bayan, ta murza kusurwa kamar yadda ta ga ana yi, launin na nan kamar jiya aka sauke.