Sifanar awo da ta dace da notocin murfin inji

Idan motar ofis ta taso daga Abuja ta isa Gidan Gwamnati da ke Rayfield, a Jos, baƙin mai yana tsattsafowa daga murfin saman inji, sau da yawa laifin ɗaurin noti ne. A yawancin ƙananan motoci, notocin nan ba sa buƙatar ƙarfin da ya wuce niyuton-mita 8 zuwa 12. Babbar sifanar ɗaure taya, mai farawa daga 40, ba ta auna wannan. Sai dai ta cinye haƙoran alminiyom. Bakanike ya ɗauki ƙarama, mai auna 5 zuwa 25, ya duba littafin motar, ya bari injin ya huce, ya ɗaure daga tsakiya zuwa gefe. Da ta yi ƙas, ya dakata.