Daga Ɗan Barto zuwa Kano: Yadda ƙananan kamfanonin ajiyar shafukan intanet za su ƙulla hulɗa da manyan masu manhaja

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Damagaram zuwa Kano ta Matamaye ya san Ɗan Barto. Nan ake tsayawa gaban jami'an duwan na Nijar kafin a tsallaka Kwangwalam, a ƙaramar hukumar Mai'adua ta jihar Katsina, a nufi Daura. Kaɗan ne daga cikin kayan da ke ratsa wurin ke tafiya kai tsaye daga hannun mai su zuwa hannun mai saye. Akwai babban dila, akwai ɗan sari, akwai dillali mai cin la'ada, ga kuma ɗan canji da ke juya sefa zuwa naira.

Irin wannan tsarin ne ke tafiyar da wata sana'a da matasan Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram suka fara shiga, wato ajiyar shafukan intanet. Makarantar kuɗi da ke son shafi, asibitin da ke son adireshin imel mai ɗauke da sunansa, ɗan kasuwar da ke son a ga hajarsa daga Jidda ko Faris, kowannensu na buƙatar wurin da shafin zai zauna dare da rana. Kamfanin ajiya ne ke ba da hayar wannan wuri a kan manyan kwamfutoci. Sai dai manhajojin da yake aiki da su na wasu ne: Microsoft, Google, cPanel, VMware. Shi ɗan sari ne, ko da bai kira kansa haka ba.

Tambayar da matashin da ya buɗe irin wannan kamfani ke yi ita ce, ta wace ƙofa zai shiga wurin waɗannan manya?

Ɗauki Microsoft. Tana da shirin da ake kira CSP, wanda ke ba kamfanoni damar sayar da lasisin manhajojinta irin su Microsoft 365. Ƙofa biyu ce. Ta farko ita ce hulɗa kai tsaye, kuma tun daga watan Oktoban 2025 sai kamfanin da ke cinikin aƙalla dala miliyan ɗaya a shekara ƙarƙashin shirin ne ke iya tsayawa a cikinta. Ta biyu ita ce a yi rajista a matsayin mai sayarwa ƙarƙashin wani babban dila da Microsoft ta amince da shi. Dilan ne ke sayo lasisi, ya tura takardar biya, wani lokaci har ya ba da horo da bashi na ɗan lokaci. Ga kamfani mai ma'aikata uku ko huɗu a Kano ko Damagaram, wannan ta biyun ce ƙofar gaskiya, kuma babu abin kunya a cikinta. Google da cPanel ma suna da nasu tsarin na masu sayarwa a madadinsu.

Abin da manyan ke nema a wurin ƙarami a bayyane yake: rajistar kamfani, adireshin da za a iya tantancewa, ma'aikatan da suka ci jarabawar ƙwarewa a kan manhajar, da shaidar cewa akwai masu saye. Abin da ba su da shi, kuma kuɗi ba ya sayo musu cikin sauri, shi ne kusanci da jama'a. Shugaban makaranta a Matamaye ba zai rubuta ƙorafi da Ingilishi ya jira amsa daga Indiya ba. Yana son lambar wayar wanda zai ɗauka ya amsa masa da Hausa, ya karɓi kuɗinsa da sefa, in ta kama ya hau mota ya zo ya duba. Wanda ya iya Hausa da Faransanci da Ingilishi, ya kuma san yadda kuɗi ke tsallaka iyaka, yana da abin da zai ɗora a kan tebur idan ya zauna da dila.

To amma fa a karanta takarda kafin a sa hannu. Tun 2022, a sabon tsarin cinikin Microsoft, lasisin shekara guda alƙawari ne na shekara guda. Idan kwanaki bakwai na farko suka wuce ba a soke ba, sai an biya har ƙarshe, ko da wanda aka saya wa ya daina biya. Lasisin wata-wata ya fi sauƙin fita, amma ya fi tsada da kusan kashi 20 cikin 100. Yanzu a haɗa wannan da abin da ya faru da naira. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura naira 1,500. Kamfanin da ya yi wa makaranta farashin shekara da naira, alhali shi da dala ake lissafa masa, daga aljihunsa ya cike giɓin. A ɓangaren Nijar lamarin ya fi sauƙi, tunda sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan kowane yuro ɗaya. Shi ya sa abu na farko da ya kamata a tambayi dila shi ne da wane kuɗi zai riƙa turo takardar biya, da kuma tsawon lokacin da farashin zai tsaya. Wasu manyan sun fara gane matsalar: Zoho na Indiya yana sa farashi da naira, AWS na Amazon ma ya fara karɓar naira a 2025.

Ko da an shawo kan batun canji, akwai haɗari mafi girma, shi ne babban ya sauya doka da rana tsaka. A 2018 kamfanin zuba jari na Oakley Capital ya sayi cPanel, manhajar da akasarin masu ajiya ke ba abokan cinikinsu don sarrafa shafi. A watan Yunin 2019 aka sanar da cewa an daina biyan kuɗi ɗaya kan kowace kwamfutar ajiya, za a koma lissafi bisa yawan asusun da ke kanta. Masu ajiya mai rahusa, waɗanda ribarsu ta dogara da cusa ɗaruruwan ƙananan shafuka a kwamfuta ɗaya, su suka fi jin jiki, da yawa suka koma DirectAdmin. Na VMware ya fi muni. Bayan Broadcom ya kammala sayensa a watan Nuwamban 2023, ya daina sayar da lasisin dindindin, ya rusa tsohon shirin abokan hulɗa, ya zaɓi waɗanda yake so. Ƙananan kamfanonin da suka shekara da shekaru suna gina sana'arsu a kan manhajar suka wayi gari a waje. A Turai ƙungiyar masu wannan sana'a, CISPE, ta fito ta ƙalubalanci matakin, kuma ita ce ta kai ƙarar Microsoft gaban hukumar Tarayyar Turai kan sharuɗɗan lasisi har aka yi sulhu a watan Yulin 2024. Kamfani guda ba zai iya wannan faɗan ba. Masu ajiya na arewacin Najeriya da kudancin Nijar, in da za su haɗa kai su riƙa sayen lasisi tare, da ko dilan Legas sai ya saurare su da kunne biyu.

A ganina kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar tambarin babban kamfani a matsayin haja. Tambarin yana jawo amincewa, amma la'adar sayar da lasisi tsurarsa ba ta taka kara ta karya ba. Ribar tana cikin aikin da ke kewaye da shi: kwashe tsoffin saƙonni zuwa sabon imel, adana kwafin bayanai, koyar da ma'aikata, gyara idan an yi kutse. Kuma mai hankali yana koya wa yaransa manhajoji na kyauta irin su Linux da Proxmox tun kafin ranar buƙata, yana kuma riƙe sunayen abokan cinikinsa da kwafin bayanansu a inda zai iya kwashewa.

Saura batun inda kwamfutocin suke. Cibiyoyin Microsoft da Google da Amazon mafi girma a nahiyar suna Afirka ta Kudu. A Najeriya akwai Rack Centre da cibiyoyin MainOne, wanda Equinix ya saya a 2022, a Legas, ga kuma Galaxy Backbone na gwamnati a Abuja da Kano. A Nijar, aikin shimfiɗa wayar fiba ta ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ya ɗauki nauyi ya haɗa da layin Damagaram zuwa Magarya har iyakar Najeriya, da cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Yamai. Ƙasashen biyu kuma suna da dokokin kare bayanan jama'a, abin da ke sa ma'aikatu da asibitoci su fara tambayar a ina ake ajiye musu bayanai.

Mutanen Ɗan Barto sun ga yadda iyaka ke rufuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an datse hanyar, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. A cikin watan ne kuma, ranar 14, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kodebuwa, sadarwa ta yi rauni a ƙasashe da dama na yammacin Afirka. Don haka matashin da ke son sayar wa ɓangarorin biyu na iyaka sai ya sa dila ya rubuta masa a takarda ko rajistarsa ta ba shi izinin sayarwa a ɗaya ƙasar, da kuma kwanaki nawa za a ɗaga masa ƙafa kafin a rufe asusun abokan cinikinsa idan hanyar tura kuɗi ta toshe.