Sikila: Ana Warkewa, Amma Kafin Dashen Ɓargo Ya Iso Gare Mu Fa?

Duk uwar da ke rainon mai amosanin jini, wato sikila, ta san daren da yaro ke kwana yana kukan ciwon ƙashi, musamman da hunturu. Tambayarta ɗaya ce: ana warkewa kuwa?

Ana warkewa. A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin da ke samar da jini. Likitoci kan kawar da na mara lafiyar, su dasa masa na wani, galibi ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya wanda nasu ya dace. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya fara wannan dashe a 2011, Legas ta bi sahu a 2024. A 2023 kuma Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, inda ake gyara ƙwayoyin mara lafiyar a mayar masa. Kuɗinsa ya haura dala miliyan 2.

Dashe akwai tsada, akwai haɗari. To, me ya rage wa uwa a Karaye ko Rogo? Binciken da aka yi a Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala ya nuna cewa maganin hydroxyurea na kare yaran da hoton jijiyoyin kai ya nuna suna gab da shanyewar ɓarin jiki. 'Yar'uwa, ki roƙi likita ya tura ku hoton. Yaro ya kwana cikin gidan sauro, ya sha ruwa sosai, kada zazzaɓi ya kwana a gida.

Tun 2024 dokar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure. Idan AS ya auri AS, kowane ciki na da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu. A gwada tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.