Dubun da ta ƙi cika a allon waya

A Gidan Katta da sauran garuruwan Illela, dab da iyakar Birnin Ƙonni, yaran da ke buga wasa a waya sun saba ganin makinsu a taƙaice: 1.2K ko 45M, wato dubu da miliyan. Allon waya ƙarami ne, dole a rage. Sai dai a wajen ragewar nan masu rubuta manhaja suke yawan tuntuɓe.

Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma tsarin IEEE 754 na 1985 ne ke tsara yadda take ajiye lamba mai ɗigo. A wannan tsari 0.1 ba ta zama cif-cif, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a rubutunmu. Shi ya sa a JavaScript, ka haɗa 0.1 da 0.2, amsar ta fito 0.30000000000000004.

Wannan ɗan burbushi ba wasa ba ne. Mai manhaja kan nemi logarizim don ya san ko lamba ta kai dubu. A Python, wata hanyar lissafa logarizim ɗin 1000 tana ba da 2.9999999999999996 maimakon 3. A datse wutsiyar, saura 2, sai wasan ya ce dubun ba ta cika ba, ya hana ta K ɗinta. Akwai kuma ganganci zalla: 999,999 ta bayyana 1000.0K, alhali 1M ya kamata a gani.

Idan lamba ta girma, abin ya fi muni. A ma'ajin lamba mai ɗigo mai bit 32, da zarar maki ya kai 16,777,216, ka ƙara ɗaya ba zai motsa ba. A mai bit 64, iyakar ita ce 9,007,199,254,740,992, adadin da wasanni irin Cookie Clicker na 2013 suke wucewa ba wahala.

'Yan canjin naira da sefa a Illela kan faɗi kuɗi a dunƙule, amma takarda ɗaya-ɗaya suke ƙirgawa kafin su miƙa. Matasanmu masu koyon rubuta manhaja a Sakkwato su riƙe haka. Ku ajiye ainihin adadi a cikakkiyar lamba, kuɗi kuma a kobo. Ku kwatanta kai tsaye da 1,000 da 1,000,000, ku bar taƙaitawa ga allo kawai. Kafin ku saki manhaja, ku gwada ta da 999, 1,000 da 999,999.