Bariyam Feroksaid: Hodar da ke Shaƙar Iska ta Kuma Amayar da Ita

Duk wanda ya zagaya Unguwar Dosa ko Kawo a Kaduna zai ga abubuwa biyu: tukunyar oksijin a shagon masu walda, da 'yar kwalbar haidirojin feroksaid a kemis, wadda ake wanke rauni da ita tana kumfa. Ko ka san cewa tarihinsu duka biyun yana komawa ga hoda guda? Sunanta bariyam feroksaid, BaO₂ a rubutun masana sinadarai.

Hoda ce fara mai ɗan ruwan toka. Sirrinta shi ne, ƙwayoyin zarra biyu na oksijin da ke cikinta a ɗaure suke da juna, amma ɗaurin ba shi da ƙwari. Shi ya sa ba ta da rowar oksijin.

Yaya ake samar da ita? Daga dutsen barait ake farawa, irin wanda ake haƙowa a Azara ta jihar Nasarawa. A masana'anta ake sarrafa shi har ya zama bariyam oksaid, BaO. In aka gasa wannan cikin busasshiyar iska a zafin kusan digiri 500, sai ya zuƙi oksijin ya koma BaO₂. In aka ƙara wuta zuwa wajen digiri 800, sai ya saki abin da ya zuƙa, ya koma yadda yake. Ka ga ke nan ana iya maimaitawa.

Wannan shaƙa da fitarwa 'yan'uwan nan biyu Faransawa, Arthur da Leon Brin, suka mayar sana'a. A 1886 aka kafa kamfani da sunansu a Ingila, wanda a 1906 ya koma British Oxygen Company, wato BOC, sunan da aka daɗe da sani a kasuwar iskar gas ta Najeriya. Daga baya aka bar hanyar, domin sanyaya iska har ta zama ruwa a tace oksijin ya fi araha.

Tun kafin nan, a 1818, Louis Jacques Thénard ya zuba wa hodar asid, ya gano haidirojin feroksaid. An daɗe ana yin sa ta haka kafin a samo hanyar zamani.

Yanzu aikinta ya fi yawa a harkar wuta: tana ciyar da harshen wuta da oksijin, bariyam ɗin kuma ya ba shi launin kore. Don haka ake sa ta a wasu kayan wasan tartsatsin wuta, da harsasai masu barin haske a bayansu.

To, a nan ake buƙatar hattara. Mai karatu zai iya cewa, ai a asibiti ana ba mutum bariyam ya sha kafin ɗaukar hoton ciki. Gaskiya ne, amma wancan bariyam salfet ne, ba ya narkewa, yadda ya shiga haka yake fita. Shi kuwa feroksaid asid ɗin ciki yana narkar da shi, ya shiga jini, ya rage sinadarin fotasiyam, tsoka ta saki, bugun zuciya ya rikice. Saboda haka kar a bar yara su farke kayan wasan wuta ko su kai burbushinsu baki. In an haɗiye, a garzaya asibiti, a tafi da kwalin.